Takalman da Ba Su Taɓa Ƙasa Ba

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida, lokacin da matar gidan ta jingine tsintsiya ta tsaya kallon aikinta. Ɗakin baya, wanda surukarta ta shekara talatin tana cusa wa tarkace, ya zama fayau, sai ƙamshin lemon tsami ke tashi.

Ta daɗe tana haƙon ɗakin nan. A wurin rarraba shara take aiki, inda ake ware ƙarfe da roba da takarda a mai da su sabbi, shi ya sa tsohuwar ke kiranta 'yar bola a gaban kowa. Ita kuwa a ranta cewa take, bolar gaske tana nan bayan gida da kwaɗo a ƙofarta. Da aka kwantar da tsohuwar asibiti za a yi mata aikin ido, mijinta direba kuma ya yi nisa da babbar motarsa, sai ta ga rana ta zo. Ba ta ƙona ko tsumma ba, don ta tsani hayaƙi. Ba ta fesa maganin ƙwari ba. Kwalabe ta rabar wa maƙwabta, tsummoki ta kai wa tela, takardu ta ɗaure ta tafi da su wurin aiki. Ƙarafa kuwa, har da wani ƙaramin gadon jarirai da tsatsa ta ci, ta ɗora wa mai sayen tsoffin ƙarafa a kura. Daɓen ta goge shi da ruwan toka da lemon tsami har sau uku.

Tana cikin jin daɗin kanta dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Ta ɗaga kai. Na biyu ya biyo, a hankali, kamar an ajiye shi ne ba jefowa aka yi ba. Ta leƙa waje, layin shiru, ko akuya babu.

"Umma, wa ke kuka a ɗakin baya?"

'Yarta ce, tilonta, mai shekara goma sha biyar, wadda suke kira Tsuntsuwa don cin abincinta bai fi na tsuntsu ba.

"Babu kowa. Mage ce. Shiga ciki."

Washegari da almuru ta dawo daga aiki ta tarar an yi mata irin aikinta. Cokula da wuƙaƙe da tukwane an tara su wuri ɗaya a tsakar gida. Zannuwa da labule an naɗe su gefe. Littattafan makaranta an ɗaure da igiya, irin ɗaurin da hannunta ke yi. A ƙarshen layin, dab da ƙofar fita, Tsuntsuwa ce zaune a ƙasa, ta haɗa gwiwa da ƙirji, idonta a buɗe ba ya ƙiftawa. An ware ta ita ma, kamar kayan da ke jiran mai kura.

Ta girgiza ta, ta kira ta, ta yayyafa mata ruwa. Yarinyar ba ta motsa ba. Jikinta ya yi nauyin da mutum biyu ba za su ɗaga ba, tafin ƙafafunta kuma sun yi ja sun tashi kamar ta taka garwashi. Tsoro ya kama matar gidan, irin wanda rabonta da shi shekara goma sha bakwai.

A rana ta uku aka sallamo tsohuwar, ido ɗaya a liƙe da auduga. Ba ta ko zauna ba ta lallaba bango har ɗakin baya. Ta shaƙi iskar, ta daɗe a tsaye.

"Ina gadon?"

"Inna, tsatsa ce kawai. Ɓeraye ne ke..."

"Na ce ina gadon? A cikinsa na yi renon 'ya'ya biyar, ɗaya ya rage mini, shi ne kika aura. Kin tambaye ni?"

"Da na tambaya ai ba za ki yarda ba."

"Shi ya sa kika jira aka rufe mini ido. Sannu da tsafta, 'yar bola. Ga jikata nan kin share ta ita ma."

Maganar ta soki matar gidan. Tsohuwar ce ta aika aka kira malamin da ke karantarwa a ƙarshen layi, dattijo marar yawan magana, mai tafiya yana jan ƙafa ɗaya. Ya iso rana na shirin faɗuwa. Ya dubi tarin kayan, ya dubi ƙafafun yarinyar, ya zauna a tabarma ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa.

Karatun ya yi nisa kafin Tsuntsuwa ta juyo da kai. Bakinta ya buɗe, amma muryar da ta fito ta babbar mace ce, busasshiya, mai cike da gajiya da ƙiyayya.

"Ya isa, malam. Ba da kai nake ba."

"Wace ce ke, me kike nema a jikin yarinyar da ba ta yi miki komai ba?"

"Ni ma tawa ba ta yi wa kowa komai ba. Shekara ashirin muna ɗakin can, ba mu taɓa fasa musu ko kofi ba. Tsohuwar nan ta san da mu, in za ta shiga sai ta yi sallama." Idanun suka koma kan matar gidan. "Wannan kuwa ta faɗo mana ba sallama. Da ƙona kayan ta yi, da mun gudu gaba ɗaya. Da wuri ɗaya ta zubar, da mun bi abinmu. Sai ta raba mu gida-gida. Mijina yana cikin kwalba a ɗakin girkin wasu. Uwata tana cikin tsumma a shagon tela. 'Yata da ƙyar na fizgo ta daga gadon, ana ɗora shi a kura."

"Ban sani ba," in ji matar gidan. "Wallahi gyara na yi niyya."

"Gyara. Kin jiƙa daɓen da toka da tsami har sau uku. 'Yata yanzu take koyon tafiya. Dubi ƙafar 'yarki, haka ta tawa take. Kin ware nawa, na ware naki. Da ita zan tafi."

"Ba za ki tafi da ita ba," in ji malamin, bai ɗaga murya ba. "Kin san abin da zan karanta in kika ƙi, kin kuma san ba ke kaɗai zai ƙona ba. Faɗi abin da za a iya."

Duhu ya fara taruwa a kusurwoyi.

"A dawo da komai."

"Kwalabe da tsummoki za a karɓo gobe," in ji malamin, ya dubi matar gidan. "Gadon fa?"

Ta sunkuyar da kai. Ta fi kowa sanin inda ƙarfe ke zuwa. Da idonta ta ga inji ya matse kayan kurar nan a wurin aikinsu jiya da safe.

"An narka shi."

Tsohuwar ta ja numfashi ta juya fuska ga bango. Muryar kuwa dariya ta yi, marar daɗin ji.

"To a ba 'yata abin takawa. Akwai takalma a gidan nan daidai ƙafarta."

"Babu ƙaramin yaro a gidan nan," in ji tsohuwar.

"Tambayi mai tsafta. Wadda ba ta ajiye tarkace. Tambaye ta me ke ƙasan akwatinta, cikin safa, cikin leda, ƙarƙashin zanen da ba ta ɗaurawa."

Matar gidan ta dubi ƙofar ɗakinta. Ko mijinta bai san da su ba. Ɗanta na fari, wan Tsuntsuwa, watansa goma sha ɗaya, ya fara kama bango yana miƙewa. Ta sayo masa takalma farare ranar Talata, zazzaɓi ya ɗauke shi ranar Alhamis. Komai nasa ta bayar, ban da su.

"Ki ɗauki wani abin," ta ce. "Ki ɗauki duk abin da ke tsakar gidan nan."

"Tarkace ne. Su nake so."

Matar gidan ta dubi tsohuwar, tana jiran baƙar magana, don yau ta samu ta faɗa. Amma hawaye ne kawai ke bin gefen audugar tsohuwar. Sannan ta dubi Tsuntsuwa, da ƙafafun nan jajaye.

Ta shiga ɗaki ta fito da su a tafin hannu ɗaya. Ƙasansu fes, ko ƙura babu. A bakin ɗakin baya ta tsaya, ta yi sallama da muryar da ita kanta ba ta gane ba, ta durƙusa ta ajiye su a tsakar daɓen, ta jawo ƙofa.

"Na fita," in ji muryar. "Kada a sake wanke mana ƙasa."

Tsuntsuwa ta yi atishawa sau uku, ta zube a jikin kakarta. Can ta buɗe ido ta ce yunwa take ji.

Washegari matar gidan ta bi gida-gida ta karɓo kwalabe, ta karɓo tsummoki a wurin tela, ta sha kallo da tambaya. Da ta buɗe ɗakin don ta zuba su, takalman ba sa nan.

Ba a sake jifa ba. Tsohuwar kuma ba ta sake kiranta 'yar bola ba, ko da yake ba ta taɓa cewa ta yafe gadon ba. Sai dai kullum in rana ta yi ja, matar gidan takan bar abin da take yi ta je ta zauna a bakin ƙofar ɗakin baya, ta jingina kai da katako. Daga ciki ana jin taku ƙanana, biyu, uku, sai faɗuwa, sai a sake tashi. Tana ƙirgawa a ranta. Jiya sun kai bakwai.