Karyar da Ta Fi Daɗewa a Gidan Tsoho

A can wani gari an yi wata yarinya mai kare, sunansa Tauraro. Da ya mutu, ta yi ta kuka har mahaifinta ya kai ta gidan wani tsoho mai tara karnukan da aka yasar, don ta zaɓi wani.

Tsoho ya nuna mata wani gurgu. Ta yatsine fuska ta ce, "Wannan bai kai Tauraro ba." Ya nuna mata wani mai ido ɗaya. Ta ce, "Wannan ma bai kai Tauraro ba."

Tsoho ya ce, "'Yata, ai na san Tauraro. A nan babanki ya ɗauke shi, jikinsa duk ƙazuwa, haƙarƙarinsa a waje. Kowa ya zo sai ya wuce shi."

Yarinya ta dubi mahaifinta, ya gyaɗa kai. Kunya ta rufe ta, ta sunkuyar da kai. Can ta ce wa tsohon a hankali, "Baba, wanne ne ya fi daɗewa a nan?"

Tsoho ya fito da wata ramammiyar karya mai rawar jiki. Yarinya ta durƙusa ta miƙa mata hannu, ba ta janye ba har karyar ta matso ta shinshina.