Makullin da Na Ara wa Yaya Jibirilla

"Ajiye katinka a nan, ya Bachir. Khalas."

Mudir, shugaban cibiyar bincikenmu, shi ya faɗa, ko ɗago kai bai yi ba.

Ina tsaye bakin ƙofa na ga Bachir ya zare igiyar katin aiki daga wuyansa ya ajiye a kan tebur. Rigarsa sharkaf da gumi, don daga saman rufi aka kira shi, tsakar ranar Alhamis, cikin zafin Riyadh na watan bakwai.

"Inji sittin sun kashe kansu saboda zafi," in ji Mudir. "Aikin sati uku na masu bincike ya lalace. Ranar Lahadi kwamiti zai zauna. In sakacinka ne, kafilinka, kamfanin da ya kawo ka, zai soke iƙamarka ta zama a ƙasar nan, ka koma ƙasarku."



Bachir ya juyo ya dube ni sau ɗaya, ya fice.

Sunana Muhibba Maiwada, a unguwar Gubaira ta Riyadh aka haife ni. Babana direba ne, shekara talatin yana jan motar mutane a garin nan. Ni kuwa injiniya ce, muhandisa a bakin Larabawa, ni na zana babbar na'urar cibiyarmu da hannuna: kwamfuta ɗari huɗu a jere sahu-sahu, an haɗa su suna aiki kamar ƙwaƙwalwa guda. Lissafin da zai ci wa kwamfutar tebur shekara, mu a kwana biyu muke gamawa. Shekara uku na yi ina gina ta, kuma ba na ɓoyewa, ina ji da kaina a kanta. Wanda ya ce girman kai ne, to ya zo ya gina tasa mu gani.

Doka biyu na kafa. Ta farko, aikin kowa ya bi layi, ko kai farfesa ne. Ta biyu, kowane inji yana da iyakar wutar da zai ja, domin zafin da ya wuce haka ruwan sanyaya injunan ba zai ɗauke shi ba.

Ruwan nan kuwa a hannun Bachir yake, ɗan Damagaram da ke kwana a gidajen ma'aikata na unguwar Sulay. Ranar da muka fara magana ma ɓata min rai ya yi.

"Muhandisa, bututun sahu na bakwai ya yi siriri."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Amma ya yi siriri."

Kwana uku ina sake lissafi don in kunyata shi, ashe gaskiyarsa ce. Na je ba shi haƙuri da Hausata ta 'yan Riyadh, rabi Larabci, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Tun ina harararsa har na koma neman dalilin hawa rufi duba bututu, ni da ba aikina ba ne.

Da maganar aure ta isa gida, Baba ya ce sam.

"Na ƙare ƙuruciyata a bayan sitiyari don ki zama muhandisa, sannan ki kawo min mai gyaran AC?"

Gwaggo Lailatu, yayar Baba, ita ta fi kowa zaƙewa, domin ta daɗe tana yi wa ɗanta Yaya Jibirilla kamu na. Digiri na uku yake yi, kuma a kan na'urata yake lissafinsa.

To a nan na tafka wautar.

Da safiyar Alhamis ɗin Yaya Jibirilla ya tare ni ina sauri zan shiga taro.

"Ƙanwata, ara min makullinki in leƙa aikina. Minti goma."

Makullin ɗan ƙarfe ne kamar filashin kwamfuta, da shi nake shiga a matsayin mai iko da komai.

"Yaya, doka ta hana..."

"Doka? Ni da nake riƙe hannunki in kai ki makaranta? Yau ni kike karanta wa doka, Muhibba?"

Kunya ta rufe ni. A gidanmu ba a kallon idon babba a ce masa a'a. Na miƙa masa, har da lambar sirri. Ni da na taɓa hana Mudir kansa!

Ƙarfe ɗaya saura ƙararrawar zafi ta ɗauka. Kuma Yaya Jibirilla ne ya riga kowa zuwa wurin Mudir, ya ce ya ga mai kula da ruwa ya bar wurin aikinsa.

Ina fita daga ofishin Mudir na wuce kujerata na buɗe rajistar na'ura, inda take rubuta duk abin da aka umarce ta da sunan wanda ya yi umarnin. Ƙarfe sha biyu da minti goma sha biyu, an ɗauko wani aiki daga ƙarshen layi an kai shi gaba, an kuma cire iyakar wuta gaba ɗaya.

Sunan da ke jiki... nawa.

Nan take na kira Yaya Jibirilla.

"Yaya, me ka aikata?"

"Kwantar da hankalinki. Ranar Litinin zan miƙa aikina, layin nan naki ba ya motsi."

"Amma ka ɗora wa Bachir!"

"Lebura ne fa, gobe kamfani ya kawo wani. Ke kaɗai kike buɗe rajistar nan. In kika yi magana, sunanki ne a ciki, ba nawa ba. Ki yi tunani, ƙanwata."

Ya kashe wayarsa.

Bayan la'asar na kira Bachir na faɗa masa komai, ina kuka kamar ba ni ce muhandisar da ake shakka ba.

"Ni dama na san sanyin ruwana bai wuce digiri sha takwas ba," ya ce. "Kowace awa ina rubutawa a littafina."

"To ka kai musu littafin!"

"In na kai, za su tambaya ina zafin ya fito. Su bi sawu su iske ki."

"Su iske ni ɗin!"

"Bon, ki saurare ni, Hibba. Shekara uku kika yi kina gina abin nan. Ɗiyar direba, baƙuwa, kika zama mai makulli. Ni in na koma Damagaram ba zan rasa abin gyarawa ba. Ki yi shiru, habibti."

"In yi shiru a kore ka? In riƙa shiga ɗakin nan kullum ina jin sanyin ruwanka kai ba ka nan?"

"Hibba..."

"Wallahi ba zan yi ba!"

Ranar Juma'a bayan masallaci Gwaggo ta zo cin abinci, bakinta har kunne.

"Maiwada, ka ji abin da yaron nan ya yi? Ya kusa ƙona wa 'yarka aikinta! Allah ne ya tsare mu da haɗa iri da shi."

Na ajiye cokali.

"Ba shi ba ne, Gwaggo. Ni ce. Ni na ba Yaya Jibirilla makullina, shi kuma ya cire iyakar wuta."

"Ke! Ɗan uwanki za ki tona wa asiri saboda bare?"

"Shi bai ji kunyar raba bawan Allah da abincinsa ba."

Gwaggo ta yi ta faɗa, ta ambaci zumunci, ta ambaci wahalar da ta sha a kaina ina jaririya, ta ja mayafinta ta fita. Da ƙofa ta rufu, Baba ya juyo gare ni.

"Kin ba da makullinki?" ya ce.

"Na bayar, Baba."

Ya zaro makullin motarsa daga aljihu ya ɗora a kan ledar cin abinci.

"Shekara talatin. Ko ɗan maigidana ya roƙa, ban taɓa miƙa wa kowa wannan ba. Amana ba ta san ɗan uwa ba, Muhibba."

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga.

"Shi yaron ya san gaskiyar?"

"Ya sani."

"Me ya ce?"

"Ya ce in yi shiru, shi a kore shi."

Baba ya ɗauki makullin nan ya mayar aljihu.

"Ranar Lahadi ni zan kai ki," ya ce.

Mutum biyar ne a kwamitin. Bachir yana zaune a gefe, Yaya Jibirilla kuma an kira shi shaida, ya sha farar jallabiya sai ƙamshi yake. Kafin kowa ya buɗe baki na miƙe.

"Ina da abin nunawa."

Na haska rajistar a bango. Na nuna musu mintin da wuta ta haura. Na karɓi littafin Bachir kusan da ƙarfi, na buɗe shafin Alhamis: sha takwas, sha takwas, sha takwas, da ɗan rubutunsa mai tsafta. Ruwa bai yi laifi ba.

"Amma wannan sunanki ne, ya muhandisa," in ji Mudir.

"Nawa ne. Lokacin ina zaune kusa da kai a taro. Na ara wa ɗan uwana makullina don na ji kunyar hana shi. Ni na kafa dokar, ni na karya ta. A hukunta ni, a mayar wa mutumin nan katinsa."

Yaya Jibirilla ya fara in-ina. Mudir ya duba aikin da aka kai gaban layi, ya ga nasa ne.

An rufe masa shiga na'urar har abada. Ni aka ba ni takardar gargaɗi, aka karɓe makullina na wata uku. Ya yi min ciwo, ba zan yi ƙarya ba. Amma kafin in miƙa shi na ajiye musu sabon tsari a rubuce: daga yau ba mai cire iyakar wuta sai da makulli biyu, na mai kula da na'ura da na mai kula da ruwa. Suka amince a take.

Mudir da kansa ya turo wa Bachir katinsa.

A tsakar baranda Bachir ya tare ni, idanunsa jajur.

"Ba ki jin magana, Hibba."

"Yau ka sani? Ka shirya, haka za ka yi ta fama."

Muka fito tare. Baba yana tsaye jikin motarsa a cikin ranar nan, ya ƙi zama a inuwa. Bachir ya cire hula ya durƙusa har ƙasa.

"Tashi," in ji Baba. "Kana da wa a garin nan?"

"Akwai ƙanin babana a Ulaisha, Baba."

"Ka ce ina son ganinsa Juma'a mai zuwa."

Na toshe bakina da mayafi don kada ihu ya ƙwace min!

"Ka iya tuƙi?"

"Na iya, Baba."

Sai Baba ya sa hannu a aljihu, ya zaro makullin da shekara talatin bai taɓa miƙa wa kowa ba, ya danƙa a tafin Bachir.

"Ja mu gida, ɗana. Na gaji."