Kwana Goma a Bakin Kogin Gashuwa

Zinariya na durƙushe a tsakar gida tana ƙulle garin gero da dakuwa a tsumma, mijinta Modu na tsugune yana zana mata hanya a ƙasa da tsinke.

"Ga Nguru, ga Gashuwa. Motar Ibram direba fayau take zuwa ɗauko bandar kifi, ya ce mu hau kyauta. Guzuri daga gida, masauki kuwa rumfar zana a bakin kogi, kusa da gidanku. Kwana goma, ni da ke da 'yarmu Saratu, ba sito, ba buhun gyaɗa!"

"Wai ina ka samo wannan dabara, Maigida?"

"A Gure mana, can tsallaken iyaka, ƙasar da Faransi ke mulki, sa'ad da nake tuƙa wani Bafaranshe. Duk shekara sai ya rufe kanti ya kwashi iyalinsa da tanti da busasshen burodi su tafi hutu. Konje suke ce masa. Ba kashe dukiya ba ne, Zinariya, shiri ne kawai."

Ta yi murmushin da ya daɗe bai gani ba. Shekara bakwai ke nan da aka kawo ta Nguru, ba ta sake ganin mahaifiyarta ba, kuma tun rasuwar jaririnta bara take ta ramewa.

Sai ga Hajja Fanna, mahaifiyar Modu, ta fito riƙe da buta.

"Wannan ƙunshe-ƙunshen fa?"

Modu ya rusuna ya yi mata bayani. Bai kai ƙarshe ba ta dire butar.

"Hutu? Yau na ji abin mamaki! Ba suna, ba biki, ba ta'aziyya, ka ɗora matar aure a bayan mota kamar kayan kasuwa? Al'adar Nasara za ka shigo mana da ita? Ko ita ce ta juya maka kai?"

"Hajja, ba ita..."

"Rufe mini baki! In ka taka motar nan da ita, ban yafe ba!"

Bayan ta shige ɗaki Modu ya miƙe. "Wallahi sai mun tafi!"

Zinariya ta riƙe gefen rigarsa, hawaye na zuba. "Kada ka yi. Da wane ido zan kalli uwata in na je mata da fushin taka uwar? Mu haƙura." Da hannunta ta kwance ƙullin, ta juye garin cikin ƙwarya.

Motar ta tafi ba su. Watan nan ya yi wa gidan nauyi. Hajja ta daina amsa gaisuwar Zinariya, in ta kai mata tuwo sai ta ture akushin. Modu ya koma yini a sito bakin tashar jirgi, ba ya son ganin idon matarsa. Ita kuwa ba ta fasa durƙusawa gaisuwa kowace safiya ba.

Ran wata Laraba da hantsi Ibram ya yi sallama, ya tarar da Hajja a zaure.

"Hajja, saƙo ne kuma daga Gashuwa. Tsohuwar ta ce har yanzu shiru? Idon nata fa ya kusa rufewa gaba ɗaya."

"Wace tsohuwa? Wane ido?"

"Mahaifiyar Zinariya mana. Ai sati uku ke nan da na aiko wa Zinariya cewa tsohuwar na roƙon ta zo ta gan ta tun tana iya gani."

Hajja ta shiga ciki salati a bakinta, ta sami Zinariya a gindin turmi.

"Ke! An aiko uwarki na makancewa, kika yi shiru? Mijinki ya sani?"

Zinariya ta saki taɓarya ta durƙusa. "Bai sani ba, Hajja. Da ya ji, da ya ɗauke ni ko da ba izininki. Ni kuwa ba zan raba ɗa da uwarsa ba."

Hajja ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ina da shekara goma sha biyar aka kawo ni daga Machina," ta ce. "Kullum ana cewa baɗi za ki je. Sai labarin rasuwar uwata na ji. Ashe abin da aka yi mini nake yi miki! Yafe mini, 'yata. A kira mini Modu!"

Bayan kwana biyu suka hau mota, har da Hajja a gaba kusa da direba. Sai dai sun makara kaɗan. Da suka isa, mahaifiyar Zinariya ba ta iya bambance komai sai haske da duhu. Ta shafa fuskar Zinariya da tafin hannu, ta shafa ta Saratu, tana kuka tana dariya.

"Na gan ku," ta ce. "Wallahi na gan ku."

Hajja ta juya kai tana share ido da mayafi. Tun daga shekarar, da an gama cinikin gyaɗa ita ke fara tambayar ranar tafiya.

Haƙurin Zinariya ya sama mata uwa ta biyu, bai kuma raba ta da mijinta ba. Amma iyaye su ji tsoron Allah: kada a ƙi alheri don kawai daga baƙi aka gan shi, kada kuma a jinkirta zumunci, domin wanda za a je gani ba kullum zai jira ba.