Taken Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Ku matso kusa. Ladidi, rage fitilar nan, kuma kada wanda ya yi mini dariya.

Kun san Kawu Cindo makaɗi, wanda ba ya cire hula ko ana zafin bazara? Ni dai ban taɓa yarda wai sanƙo yake ɓoyewa ba. Sai da na matsa wa Inna lamba kafin ta faɗa mini.

Yana saurayi, ya taso daga wasan kalankuwa shi kaɗai, kalangu a hammata. Sai ya yanke ta tsohon ramin kuza, inda aka kai mazan garinmu aikin dole a zamanin Turawa. Da yawansu ba su dawo ba.

A bakin ramin ya tarar da wani dattijo zaune, ya yafa tsohon buhu. Ko sallamarsa bai amsa ba.

"Samari, ka iya kiɗan 'yan kuza?"

Tun kakanni aka bar rawar nan. A cikinta kowane lebura da takensa, in an kaɗa, mai shi ya amsa. Taken mamaci kuwa ba a kaɗa shi.

"Kaɗan na ji wurin kakana, Baba."

"Kaɗan ɗin nake so."

Kun san makaɗi da son yabo. Ya matse kalangu.

Dattijo ya miƙe ya kama rawa. Yana dukan ƙasa da ƙarfi, amma ba ƙara, ba ƙura. Cindo ya saci kallon ƙafafunsa. Diddigen ne a gaba.

Ya so ya tsaya, hannu ya ƙi. Take na farko ya fita, sai daga cikin ruwan ramin aka ce, "Na'am." Wani take, wata na'am. Masu taken suna ta hawowa, jiƙe sharkaf, suna shiga layin rawa.

"Saura ɗaya," in ji dattijon. "Ba mu da makaɗi. Kaɗa naka."

Wallahi hannun har ya fara. Cindo ya ji na'am tana taso masa a maƙogwaro, ya kuma san in ta fita ya zama nasu. Sai ya faɗi da gangan, kalangun ya daki dutse, fatar ta fashe.

Tsit.

Dattijo ya sunkuyo, ya liƙa masa anini mai huji a goshi, yadda ake yi wa makaɗa. Sanyi ƙalau.

"Ka yi rabi. Muna jiran sauran."

Aninin ya faɗi a hanya, amma shatinsa na nan har yau, da hujin da komai. Shi hular ke rufewa. Tausayi yake ba ni. Ya kaɗa taken kowa a garin nan, ban da nasa.

Kada in ji waninku ya bi ta ramin nan shi kaɗai. In kuma aka kira ku bayan magariba, ku ga ƙafar mai kiran kafin ku amsa.

Ladidi, ji can, Inna na kiran ki daga zaure.

In dai Innar ce.