Ƙofar da Habibu Ya Liƙe

Rana ta yi ja a kan duwatsun Birni lokacin da Habibu ya gama shafa fenti a bayan motarsa. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu, yana kallon aikinsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Zinder, ya yi shekara da shekaru yana hawan kabu-kabu, saboda haka ba a ga laifinsa ba da ya zauce a kan tsohuwar mota. Tun da ya kawo ta daga ƙauyen Zermu ba shi da hira sai tata. Ya canza fitilar hagu da ta mutu, ya ɗaure madubin da ke lilo, ya kankare tsatsar ƙofofi har yatsunsa suka yi kanta. Abu ɗaya ya rage yana ci masa rai: wani rami da tsatsa ta ci a ƙasan kofur, wurin zuba kaya, wanda hannun yaro zai iya shigewa. A yammacin nan ne ya ɗora masa fallen ƙarfe, ya liƙe da mastik.

Matarsa Hadiza tana gidan suna a maƙwabta. Da duhu ya fara rufe masa ido, ladan kuma ya ɗaga murya, sai ya ƙwala wa 'yarsu Nafisa kira ta zo ta haska masa.

"Baba, Inna ta hana ni fita da magariba," in ji yarinyar daga cikin ɗaki.

"Ni na ce ki fito."

Ta fito ba ko ɗankwali, ta riƙe masa fitila har ya gama. Yana cikin yaba aikinsa sai ya ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe daga cikin motar, a hankali, irin bugun ƙaramin hannu. Ya buɗe kofur, babu komai sai warin fenti. Ya rufe. Gidan ya yi tsit, har kajin da ke shirin hawa katanga suka tsaya. Sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano, wani ya biyo shi.

"Baba, ɗan wa ke kuka?" Nafisa ta tambaya.

Shi bai ji kukan kowa ba, amma sai ya tuna da maganar da ya so ya manta. Ranar ciniki, tsoho Nomau da ya sayar masa da motar ya ja shi gefe. Motar ta ɗansa ce da ya tafi Agadas ya bar ta, ta yi damina da damina a gindin tsamiya ba mai taɓa ta. "Malam, abin da ya daɗe a gindin tsamiya ba ya rasa masu gida," in ji tsohon. "In ka kai ta, ka bar ta a buɗe har Juma'a ta wuce. Ka yi musu sallama, ka ce su kwashe nasu. Kafin nan kada ka toshe mata ko'ina." Habibu ya ce to, irin to ɗin da ɗan birni kan yi wa tsohon ƙauye. So yake ya je masallacin Juma'a da ita tana ƙyalli, don haka ranar Laraba ya liƙe ramin.

Kafin Hadiza ta dawo, Nafisa ta shige ƙuryar ɗaki ta duƙunƙune, tana kankarar bango da farce tana cewa a buɗe. Uwar ta yar da goron sunan ta rungume ta.

"Na shiga uku. Da ban daɗe ba da haka ba ta faru ba. Maigida, fita ta yi nemana?"

Nan ne wurin da ya kamata Habibu ya faɗi gaskiya. Maimakon haka ya kau da kai ya ce, "Ai na sha gaya miki, zaman gidan biki har magariba ba shi da amfani."

Kalmar ta fita, ba ta kuma komuwa. Hadiza ta ɗauki laifin ta aza a kanta, ta daina cin abinci, kullum tana kan tabarmar salla tana roƙon Allah ya yafe mata sakacinta. Shi kuwa yana ji yana gani, ya bar ta da laifin da ba nata ba. Kowace magariba jifa kan dawo, motar kuma ta ɗauki ƙwanƙwasa. Suka kai yarinyar wurin likita, aka auna jini aka ce lafiyarta lau. Amma Nafisa sai ramewa take, faratanta sun kakkarye, numfashinta na fita da ƙyar kamar wadda aka rufe a akwati. Sau da yawa Habibu kan tsaya a bayan motar da guduma a hannu, sai ya tuna in ya fasa liƙin Hadiza za ta tambayi dalili, ya mayar da gudumar. Kunya ce ta riƙe shi, kuma ya san ran 'yarsa yake biyan kunyar da shi.

Hadiza ce ta sa aka ɗauko Gwani Zakari daga unguwar Birni, dattijo mai ƙaramin jiki wanda ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka shimfiɗa yarinyar a tsakar gida, ya zauna wajen kanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwa ta haye katanga, tsuntsaye suka yi shiru. Can sai Nafisa ta miƙe zaune, wuyanta ya karkace, ta yi magana da muryar tsohuwa mai kaushi.

"Ya isa, Gwani. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ni ma ɗana bai yi wa kowa komai ba. Na fita nema masa abinci, na dawo na tarar an toshe ƙofar da muke bi, yana ciki. Ta inda muka shiga ta nan muke fita. Yadda nawa ke shaƙewa, haka tasu za ta shaƙe."

"Ɗan Adam ba ya ganinku," in ji Gwani. "Wanda bai sani ba, ba a kama shi."

Bakin yarinyar ya yi dariyar da ba tata ba. Idanunta suka juya a hankali suka tsaya a kan ubanta.

"Tambaye shi ko bai sani ba. Tambaye shi wa ya fito da ita ta haska masa."

Gwani ya dubi Habibu. "Malam, an gaya maka?"

"An gaya mini," ya ce, kansa a ƙasa. "Ni kuma na kira ta."

Bai iya ɗaga ido ya dubi Hadiza ba. Ya dai ji ta ja numfashi.

Aljanar ta nemi a yanka mata baƙin bunsuru. Gwani ya ce ba a yanka don kowa sai Allah. Ta nemi hannun da ya yi liƙin ya shanye, ya ce zalunci ba ya gyara zalunci, ya kuma ɗaga karatu har ta yi ƙara. Daga ƙarshe ta sauko.

"Ya buɗe da hannunsa. Ya mayar da mu tsamiyarmu. Ramin kuma kada ya sake rufe shi muddin motar na tafiya."

"Ke kuma ki yi rantsuwa kin bar gidan nan."

Ta rantse. Habibu ya ɗauko guduma, ya yi bismillar da bai yi ba ranar Laraba, ya dinga dukan aikin da ya fi alfahari da shi har fallen ƙarfen ya faɗi. Wata iska mai ɗumi ta fito ta shafi ƙafarsa. A bayansa Nafisa ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, ta ce tana jin ƙishirwa.

Washegari ya tuƙa motar har Zermu, ya tsaya a gindin tsamiya, ya buɗe ƙofofi ya yi sallama ya nemi gafara. Tsoho Nomau yana kallonsa daga nesa. Har yau ramin yana nan. Da damina ruwa kan shiga ta wurin, abokan aiki suna yi masa tsiya wai ya gyara ko'ina ya bar wa kaji ƙofa, shi dai sai ya yi murmushi.

Da ya dawo daga Zermu a ranar, ya tarar Hadiza tana yanke wa Nafisa karyayyun farata a bakin ɗaki. Ya tsaya a zaure yana haɗa kalmomin ban haƙuri. Sai ya ji yarinyar ta ce, "Inna, wai me ya same ni? Ban tuna komai ba, sai dai Baba ya kira ni."

Hadiza ta ɗago ta ga mijinta tsaye. Ta mayar da ido kan yatsun 'yarta.

"Zazzaɓi ne," ta ce. "Babanki ne ma ya nemo miki magani."

Habibu ya jingina da bangon zaure. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.