Malamin Tarihi a Gonar Dankali

Motar 'yan makaranta ce ta kafe a taɓo a gefen gonar su Fien, a bayan garin Ieper, can a ƙasar Turawa. Da Fien ta iso da tarakta, ta tarar da malaminsu, Wout, tsaye cikin ruwan sama yana ba ɗalibai labarin yadda Indiyawa da 'yan Afirka suka zo suka mutu a wannan fili lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Babu yaron da ya nemi mafaka.

Ta janyo motar, ta ce, "Malam, ka san hanyar sojojin duniya, amma ta ƙauyenmu ta gagare ka."

Dariyar da ya yi ce ta sa ta ba shi lambar wayarta.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Sarauniyar taɓo, yau na kasa gyara jarrabawa. Laifinki ne."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Achiel, ya ce sam. Shi Bram yake so ta aura, ɗan maƙwabcinsa mai gonaki, ba mutumin da sana'arsa hirar matattu ba. Fien ba ta yi musu ba, amma ta daina cin abinci tare da mahaifin nata. Wout kuwa, da ya ji ana zancen Bram, sai ya ja baya, har ta rubuta masa: "Masoyina, mai koyar da yaƙi ne zai gudu tun ba a fara ba?"

Da bazara garmar Achiel ta tono ƙasusuwan wani soja, da alamar rundunar Indiya. Wout ya mayar da abin darasin aji. Ɗalibansa suka yi ta bincike har suka gano ƙauyen mutumin a yankin Punjab na Indiya, da jikarsa, wata tsohuwa mai suna Harbans.

Ranar jana'iza ɗaliban suka jeru suna ba da tarihin sojan, tun daga jirgin ruwan da ya kawo shi. Tsohuwar, wadda ta zo takanas daga Indiya, ta riƙe hannun Wout tana hawaye, ta tambayi Achiel ko ɗansa ne.

Achiel ya gyara hula, ya ce, "Surukina ne."

Fien ta rufe fuska, Wout ya rasa inda zai sa kansa.

Bayan girbin dankali aka ɗaura aure, ɗalibai suka cika coci. Achiel da kansa ya tuƙa taraktar da ta ɗauko amarya, yana sa musu albarka tun daga ƙofar gida.