Gidajen Hutu a Kan Takarda

Sufeto bai ko gama zama ba wayar ofis ta yi ƙara. An tsinci gawar wani dillalin gidaje a ƙasan matakalar ofishinsa. Ya dubi shayin da bai kurɓa ba, ya dafa ƙugunsa da ya kwana yana ciwo, ya miƙe.

"Saje, ɗauko mota."

"Babu mai, yallaɓai."

"To ɗauko ƙafarka."

A tasi suka isa. Ofishin na saman wani shagon tayil. Dillalin na kwance rigingine, ƙeyarsa ta bugi bakin matakalar ƙarshe. Ƙafarsa ta hagu da takalmi, ta dama naɗe da bandeji cikin silifa. Saje ya laluba aljihunansa. Ga makullai, ga walat, babu waya.

Sufeto ya sa aka lulluɓe gawar aka kai ta asibiti tun kafin jama'a su taru, sannan ya hau sama yana nishi.

Bangon ofishin cike yake da hotuna: fararen benaye, shuɗin teku, yara suna wasa a yashi. Gidajen hutu ne a wata ƙasa, ana biya tun ba a aza tubali ba. A tsakiyar ɗakin an jera kujerun roba na haya. Sakatariyar da ta tsinci gawar tana zaune a kan ɗaya, tana murza hankici.

"Kamfanin da ke ginin nan, lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau, yallaɓai. Ana ta aiki."

"Kira mini su."

Ta dubi wayar tebur, ba ta taɓa ta ba.

"'Yata, ni ba gida na zo saye ba."

Sai hawaye. Ta ce an daɗe rabon da wani ya ɗaga waya a can. Shi ya sa dillalin ya yanki tikiti ya je ya gani da idonsa. Jiya da yamma ya sauka, ya buga mata daga gida, ya ce ta hayo kujeru, ta kira masu saye su zo taro yau da rana.

"Kin gaya musu dalili?"

"Ni ma bai gaya mini ba."

Sufeto ya sake duban kujerun. Wanda ke shirin gudu da kuɗin mutane ba ya hayar musu wurin zama.

Gidan mamacin ba nisa. Matarsa ta tarbe su idanunta a bushe, kamar kukan bai samu hanya ba tukuna. Akwatin tafiyar na nan a falo, ba a ko buɗe shi ba.

"Me ya samu ƙafarsa?"

"Rodi ya taka a wurin ginin. Ya ce babu komai sai ginshiƙai da ciyawa har ƙugu. Ko maigadi babu. Ya ce a can ya ji kamfanin ya durƙushe, mai shi yana gaban kotu." Ta dubi akwatin. "Mu ma mun saya, yallaɓai. Filina na gado ne ya tafi a ciki."

"Wa ya gan shi tunda ya dawo?"

"Babu. Daga filin jirgi sai gida. Da sassafe ya fita, ya ce akwai wanda ya kamata ya fara nuna wa hotunan da ya ɗauko, don girmamawa. Bai faɗi ko wane ne ba."

Kafin su koma ofishin dillalin, masu saye sun fara taruwa. Wani mai tireloli na tsaye a bakin ƙofa yana zage-zage. Sakatariya ta raɗa wa Sufeto cewa ya taɓa rantsuwa sai ya karya dillalin.

"Ina kake da safen nan?"

"Gida."

"In kira gidan?"

Mutumin ya sauke murya. "Banki na je, yallaɓai. Roƙo. Za su ƙwace mini mota. Iyalina ba su sani ba."

Saje ya buga wa bankin waya, aka tabbatar. Sufeto ya sallame shi da hannu. Shekarun aiki sun koya masa cewa mai hayaniya ba safai yake yin aika-aika ba.

A ciki, wani dattijo mai furfura cikin fararen kaya yana ta ba mutane haƙuri. Ciyaman suke ce masa. Tsohon akanta ne da ya yi ritaya, shi ya fara saye, shi kuma ya jawo yawancinsu, har suka naɗa shi shugaban ƙungiyarsu. Sufeto ya ja shi ɗakin ciki.

"Baba, yaushe rabonka da mamacin?"

"Tun kafin ya yi tafiya. Zuwana na tarar har an ɗauke shi." Ya girgiza kai. "Ƙaddara ce, Sufeto. Mutum da ƙafa a naɗe, ga matakala mai santsi. Kada ka wahalar da kanka."

Sufeto ya ja kujera ya zauna, don ƙugun ya fara yi masa magana.

Ana haka aka ƙwanƙwasa. Wata mata ce mai matsakaitan shekaru, tana haki, jaka a hammata.

"Yaya, ka yi haƙuri, cunkoso ne. Na makara?"

"Je ki waje, ina zuwa," in ji Ciyaman da sauri.

"A'a, shigo," in ji Sufeto. "Ke ce wa?"

"Ni ƙanwar matar Ciyaman ce. Nas ce ni, bana na ajiye aiki." Ta yi murmushi, da alama ba ta ji abin da ya faru ba. "Na daɗe ina roƙonsa ya sayar mini da gidansa na can yana ƙi. Yau da safe sai ga kiransa, wai ya amince, in zo da kuɗin sallamata mu sa hannu kafin a fara taro."

Sufeto ya shafa fuskarsa da tafin hannu.

"Baba, ka ce ba ka gan shi ba tunda ya dawo. Gawar ma ba ka gani ba. Wa ya gaya maka ƙafarsa a naɗe take?"

"Sakatariya ce, ina jin."

"Saje, kira ta."

"Bari," in ji dattijon. Ya cire tabarau, ya ajiye a kan tebur. Sai ga shi ya koma tsoho tukuf.

"Ya nuna mini hotunan a wayarsa. Duk abin da na tara a rayuwata, ciyawa ce ta cinye shi. Na ce ya ba ni mako ɗaya kafin ya faɗa wa mutane. Mako ɗaya kawai. Ya ce ba zai ƙara kwana da ƙarya a bakinsa ba. Ya fita, na bi shi, na kama wayar, ya riƙe." Ya sunkuyar da kai. "Na ture shi. Wayar na cikin motata."

"Yana kwance a ƙasa ka kira matar nan?"

"Daga cikin mota na kira ta."

Nas ɗin ta zame ta zauna a bakin tebur, ta rungume jakarta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Yaya, ni na yi jinyarka lokacin da hawan jini ya kayar da kai. Da ka ce mini ka shiga uku, wallahi da na raba kuɗin nan biyu na ba ka rabi."

Bai ɗago ba. Saje ya sa masa ankwa, ya riƙe masa gwiwar hannu, suka ratsa ta cikin mutanen da ya jawo da bakinsa.

Sufeto ya ɗauki hularsa zai bi su, sai wata tsohuwa ta riƙe masa hannun riga.

"Ɗana, mu dai ba mu gane komai ba. To gidajenmu fa? Yaushe za a gama?"

Ya dubi ƙofa, ya dubi fuskokin da suka zuba masa ido. Wannan ba aikin ɗan sanda ba ne, amma wanda ya kamata ya yi shi yana ɗakin ajiye gawa. Ya mayar da hular kan tebur.

"Inna, zauna tukuna," in ji shi. "Ku duka ku zauna. Babu gida."